Baƙin Tabarau a Shagon Gashin Ido

Ina zaune wurin tela ina jiran ɗinki, idona na kan matar da ke shagon da ke fuskantar namu, mai manna wa mata gashin ido. Doguwa ce, busasshiya, baki a taɓe kamar ta sha maɗaci. Shagon da duhu, amma baƙin tabarau ba ya barin fuskarta, ko tana ɗiga gam a idon mutane.

Wata mata ta shigo da hankici a hannu, fatar idonta ta kumbura ta yi ja, tana saɓa kamar ɓawon albasa.

"Yaya, tun da kika sa mini nake susa. Ko gam ɗin ne?"

Mai shagon ko hantsakin hannunta ba ta ajiye ba. "Mata nawa nake yi wa a rana? Ke kaɗai ce mai ido? Ƙazanta ce, ƙanwata. Ki riƙa wanke fuska."

Masu jira suka kwashe da dariya, matar ta fita kai a ƙasa.

Da shagon ya watse, sai mai shagon ta juya wa titi baya, ta manta da madubin bango da ke nuna mini fuskarta. Ta ɗaga tabarau. Nata idon ya fi na waccan lalacewa: fatar ta yi kauri, ta tsattsage, gashi ko ɗaya babu. Da hantsakin nan take susa, haƙora a cije. Ina jin ko 'ya'yanta sun daɗe ba su ga idon nan ba.

Ta mayar da tabarau, ko goge hantsakin ba ta yi ba, ta leƙo waje, ta kira wata mai wucewa.

"Shigo, 'yar uwa. Yau sai mijinki ya kasa gane ki."