Saniyar da Aka Ɓoye Kanta

In an tambaye ni ranar da ba zan manta ba a aikin nan, ba na dogon tunani. Ita ce ranar da aka kira ni wani ƙauye a bayan Zakka in feɗe saniya, na isa na tarar babu kanta. Tunda kun ce sai na ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makullin ofis, to ku gyara zama.

Lokacin ina mataimakin jami'in lafiyar dabbobi a Safana. Ga waɗanda ba 'yan gida ba, mu ne ke ƙarƙashin likitan dabbobi. Mu ke rigakafi, mu ke duba nama a mahauta, mu ke feɗe dabbar da ta mutu don a san abin da ya kashe ta. Mutanen ƙauye dai duk Likita suke ce mana, mu kuma ba mu taɓa gyara musu ba. Farkon damina ne, manoma na ta feshin maganin ciyawa, shanu kuwa ba su gama murmurewa daga wahalar bazara ba. Kowace ka hango ƙashi ne da fata.

Dagacin ƙauyen ne ya aiko mai babur ya ɗauke ni, kuma a hanya na ji yadda aka yi. Akwai wani Bafulatani, Malam Buba, da ke zaune a gefen garin tun kakanninsa, yana noma yana kiwo. Shekarar da ta gabata ɓarayin daji suka kwashe masa shanu kaf. Sai kawunsa Manu, wanda ya taso daga wajen Runka ya koma Batsari, ya ba shi saniya ta habbanaye. Habbanaye al'ada ce ta makiyaya. In ɗan'uwanka ya rasa dabbobi, sai ka ara masa saniya mai ƙuruciya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'yan maruƙan ya mayar maka da uwar. Ba a ba da tsohuwa. Wanda ya yi haka ya zubar da girmansa, har jikokinsa sai an yi musu gori. Ita wannan an ce haihuwarta biyu kacal. Buba ya ɗaure ta a bayan ɗaki saboda tsoron ɓarayi, ba kowa ya taɓa ganinta kusa ba.

Wata rana ta tsinke igiya ta shiga gefen gonar maƙwabcinsa Audu, wanda bai daɗe da yin feshi ba. Washegari ta kasa tashi, aka yanka ta kafin ta cika. Ɗan Buba, Sale, wanda ya tashi a Batsari yana acaɓa, ya iso da abokansa suna cewa guba Audu ya zuba da gangan. Audu ya gudu gidan dagaci aka rufe shi a ɗaki. Ku da kuka yi aiki a yankin nan kun san abin da hakan ke nufi. Maganar an sa wa saniyar Bafulatani guba ba ta tsayawa a ƙauye ɗaya, akwai masu jiran irinta a daji. Ran Audu ne a hannun Allah, ba wata gona ba.

Na tarar da saniyar kwance a inuwa an yayyafa mata ganye. Na gaisa da Buba, na yi masa jaje, sannan na ce, "Malam Buba, ina kan?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Karnuka sun ja shi, Likita."

Raina ya ɓaci, don ni mutum ne mai son a bi ƙa'ida, kuma abu na farko a feɗe dabba shi ne duba baki. Haƙora ke gaya maka shekaru, ƙaho ma yana taimakawa. Kuma wane irin kare ne zai ja kan saniya ya bar hanta? Na dai haɗiye na kama aiki. Tumbi cike yake da ciyawa, babu ƙuna babu jini a bangonsa. Hanta ta ƙanƙance ta yi duhu. Ƙodojin ne suka tsaya mini a rai, don sun motse sun yi tauri, wuƙa na shiga da ƙyar. Na yi zargin ciwo ne daɗaɗɗe, amma zargi ba hujja ba ne, balle daga bakin Bahaushe ma'aikacin gwamnati a gaban samarin da idonsu ya rufe.

Na yanki ƙananan tsoka daga hanta da ƙoda da zuciya, na cire mahaifa da gidan ƙwai, wato ƙullutun nan biyu da ke gefenta. Na jefa su cikin kwalaben fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa. Sauran naman aka binne, don ba mai ci. Na roƙi dagaci ya riƙe mini mutanensa har sakamako ya fito. Ya ce, "Likita, zan riƙe su, amma ka san igiyar ba ta da tsawo."

Da kaina na kai kwalaben ɗakin gwaji na wata makarantar likitancin dabbobi, wurin Dakta Rabi. Ta taɓa yin sanin makamar aiki a ƙarƙashina tana ɗaliba, ni na koya mata kama bijimi ba tare da ya harbe ta ba, ga shi yanzu ni ke cire hula in gaishe ta. Aikinsu ba a yi masa gaggawa. Sai an tsane ruwan naman, a daskarar da shi cikin kakin kyandir, a yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, a ɗora a gilashi a rina, sannan a sa a madubin likita. Kullum sai dagaci ya bugo mini waya, kullum in ce a ƙara haƙuri.

Ranar da na koma, ta zaunar da ni gaban madubin ta ce, "Baba Lawal, wa ya ce maka haihuwar saniyar nan biyu? Wannan ai ta kusa zama sa'arka."

Na ce, "Rabi, rashin kunyar ba ta bar ki ba. Nuna mini."

Ta fara da zuciya. Cikin zaren naman akwai ɗige-ɗige masu launin tsatsa birjik, haka ma a hanta. Ta ce wannan dattin da jiki ke tarawa ne a hankali, ba ya taruwa haka sai da shekaru. A ƙoda ta nuna mini 'yan matatan da ke tace jini. Da yawansu sun bushe sun zama tabo, jijiyoyin jini sun yi kauri, tabo ya cinye wurin nama. Ta ce guba mai kisa kwana ɗaya ba ta da lokacin yin tabo. Ita sai dai ka ga nama ya mutu sabo, ga kumburi ga jini, kuma babu ko ɗaya a nan. Ƙodar ce ta daɗe tana ja da baya har ta tsaya. Sannan ta sa gidan ƙwai. A saniya, kowane ciki yakan bar ɗan farin tabo a wurin. Nata sun yi yawa har wasu sun hau kan wasu, ƙwai kuwa masu jiran girma babu saura. Ta ce, "Ba zan iya ba ka adadin shekarunta ba, madubi ba ya wannan. Amma tsohuwa ce tukuf, kuma ko ta rayu ba za ta ƙara haihuwa ba."

Na yi murna ƙwarai, don Audu ya kuɓuta. Sai a cikin mota tambaya ta faɗo mini. Sale ɗan acaɓa ne, ba zai bambance ba. Amma Buba, wanda aka haifa a tsakiyar garke, zai riƙe saniya wata da watanni bai san tsohuwa ba ce?

Don haka ban wuce gidan dagaci ba, na fara sauka wurin Buba. Na same shi yana gyaran darni, na ja shi gefe na ce, "Malam Buba, ba karnuka ba ne."

Ya saki darnin. Can ya ce, "Kan yana ƙarƙashin turken da nike ɗaure ta. Ni na binne shi. Tun randa aka kawo ta na buɗe bakinta, babu haƙori na kirki. Mi zan ce? In ce Kawu ya ba ni tsohuwa? Shi ya riƙe ni da uwata ta rasu. Shi kaɗai ya tuna da ni da aka kwashe ni."

Na ce, "To Audu fa? Ka bari a kashe shi?"

Idonsa ya cika. Ya ce, "Wallahi ba na barci. Na ce ma yaron nan ya bari, ya ce tsoro nike ji. Likita, don girman Allah, ka ce masu ba guba ba ce. Ka tsaya nan. Kada ka ambaci tsufa."

Na yi fushi da shi, na kuma ji tausayinsa, duka a lokaci guda. Na ce zan gwada, amma ba zan yi ƙarya ba.

Washegari da hantsi aka taru a ƙofar dagaci. An fito da Audu, ya rame ya yi zuru-zuru. An kuma aika Batsari an ɗauko Manu, tunda saniyar tasa ce. Dogon tsoho ne fari, da sanda a kafaɗa, kowa na durƙusawa yana gaishe shi. A sanin mutane shanunsa suna kudu tare da 'ya'yansa. Na tashi na ce, "Ranka ya daɗe, an duba hanta da ƙoda da zuciya. Babu alamar guba. Ciwon ƙoda ne daɗaɗɗe."

Sale ya miƙe ya ce, "Ciwon ƙoda a saniya mai haihuwa biyu? Ta kwana lafiya, ta ci ciyawar wanga mutum, ta faɗi. An dai haɗa baki da likita." Abokansa suka hau guna-guni, wasu har sun fara tashi. Na dubi Audu, ya ƙura mini ido. Na dubi Buba, kansa na ƙasa. Gaba kura baya sayaki. Na yanke a raina cewa rai ya fi kunya, na buɗe baki zan faɗa.

Sai Manu ya ɗaga hannu ya ce, "Likita, dakata. Madubin naku yana ganin haihuwa?"

Na ce, "Yana ganin tabonta, Baba."

"Biyu ka gani?"

Na ce, "A'a."

Ya gyaɗa kai, ya sauke sandarsa ya dafa ta. Ya ce, "Sale, zauna. Wagga saniya tana cikin garke tun kana goye." Sai ya fara kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, kowane da launinsa da inda aka haife shi. Fara mai baƙin kunne da aka haifa shekarar da rijiya ta ƙafe, jan bijimin da ƙahonsa ya karye, tagwayen da ɗaya bai rayu ba. Yana kira yana lanƙwasa yatsu har hannu biyu suka ƙare bai gama ba. Ya ce, "Babu shanu a kudu. Duka sun tafi daji dare ɗaya, kafin a kwashe na Buba. Ita kaɗai ɓarayin suka bar mani, don ko su sun buɗe bakinta. Da na ji an kwashe ɗan ƙanwata, in zauna ban aika komai ba? Abin da nike da shi na aika. Ni na ce haihuwarta biyu. Audu, ka yafe mani, ni na jawo maka."

Buba ya ja jiki ya durƙusa gabansa yana cewa, "Kawu, na sani, tun ranar na sani." Tsohon ya dafa kansa ya ce, "Ni ma na san ka sani." Ban ga lokacin da Sale ya sulale ba, sai ƙarar baburinsa na ji. Ni kuwa na juya baya ina ta gyaran jakata da ba abin da ya same ta.

A rahotona na rubuta gazawar ƙoda saboda tsufa, babu guba. Audu ya kwana a ɗakinsa a daren. Daga baya na ji Buba ya je Batsari ya ɗauko kawunsa da kayansa ya dawo da shi gidansa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, nama ba ya ɓoye shekarunsa. Ko an binne kai, ƙoda za ta faɗa, don haka kada ku ƙyale ɗaukar samfur ko da kuna ganin kun san amsa. Amma mutanen da muke wa aiki suna da abin da suke ɓoyewa, kuma ba kullum mugunta ba ce. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In kun ga wani sashe ya ɓace daga gawar dabba, ku ja mai ita gefe kafin ku je gaban taro.

Na koma ƙauyen da kaka yin rigakafin awaki. A bayan ɗakin Buba, wajen turken nan, na ga an jingine dammunan harawa sababbi. Na tambayi Buba ko ya samu wata saniyar. Ya ce a'a, Audu ne ya kawo kamar yadda ya saba kowace kaka, sai da ya sauke ya tuna babu mai ci.