Hannun Baba da Tatsuniyar Maƙeri

Ina aji huɗu a firamare ɓarin jikin Baba ya shanye. Malami ne a Samaru, mutum mai son jama'a, amma daga dawowarsa asibiti ya kulle kansa a ɗaki a gidanmu na Muciya, ya ce ba ya son dubiya. Kunya yake ji a ga hannunsa na dama yana reto. Mutum ɗaya yake bari ya shiga, wani Ba'indiye abokin aikinsa da ke koya masa numfashi da miƙa jiki irin na yoga. Rannan ya tarar da Baba yana dukan hannun don haushi. Na jiyo shi da 'yar Hausarsa: "Malam, a wurinmu doka ta farko, kada ka cuci mai rai. Hannun nan ma mai rai ne."

Baba bai ji ba. Ita kuwa Iya, kakarmu, Baba ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi masa faɗa. Sai ta yi dabara. Bayan magariba ta sa aka jawo kaskon wuta har gindin tagarsa, ta tara mu, ta ɗaga murya sai ka ce kurame ne mu.

"Ga ta nan da zafinta, ku matso!" Wai wani maƙeri ne hannunsa ya yi fushi ya kwanta. Ya zage shi, ya doke shi, ya rufe ƙofa kada gari ya gani. Sai hannun ya buɗe baki ya ce, "Ni ba naka ba ne kai kaɗai. Fartanyar wa ban ƙera ba a garin nan? Bar mutanena su zo su gaishe ni."

"Iya, ya warke?" na tambaya.

"Ke dai da azarɓaɓi! Ina na sani? Ƙofar ba a hannuna take ba."

Wallahi sai muka ji tari daga ɗaki. Washegari bayan la'asar Baba ya ce a shimfiɗa tabarma a zaure. Liman ya zo da dattawan unguwa, kowa ya kama hannun nan da hannu biyu. Mama Ladi ta unguwar Dogarawa ta zo da matan cocinsu da kunun gyaɗa.

Hannun bai sake riƙe alli ba, kuma na daɗe ina jin haushin tatsuniyar nan. Sai da na girma na fara aikin gashin ƙashi na gane cewa Iya da Ba'indiyen magana ɗaya suka yi, kuma maganar ta ishi Baba shekara goma sha ɗaya yana dariya cikin mutane. Yau kafin in taɓa majinyaci nakan tambaye shi wa ke zuwa duba shi. In ya yi shiru, sai in ja kujera in zauna tukuna.