Motar Marigayi a Garejin Guangzhou

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, muka kama hanyar Legas. Daga can jirgi ya sauke mu a Addis Ababa, sannan muka miƙa zuwa Guangzhou. Damina ce ta shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik. Waɗanda muka taso tare 'yan kasuwa ne, hirarsu duk ta kwantena ce da kuɗin fito. Ni ban zo sayen komai ba. Sayarwa na zo yi.

Ina da amini, mutumin Agadas mazaunin Kano, wanda muka yi shekara arba'in muna cin tuwo a kwano ɗaya. Da ƙuruciyarsa ya yi wa Turawa masu tseren mota a Sahara jagora da gyaran inji. Da girma ya zo sai ya koma fataucin kayan gyaran mota daga Sin, amma yashi bai fita daga ransa ba. A can ya ci karo da wata tsohuwar motar tsere da aka gaji da ita, ya saya da niyyar ya kawo ta gida. Bai kai ga loda ta ba ciwo ya kwantar da shi, ya rasu a asibiti. Iyalinsa suka ga kuɗin kawo ta ya fi ƙarfinsu, suka roƙe ni in je in sayar, a haɗa a raba gado. Akwai ƙananan yara a cikin magadan.

Na san Xiaobei, unguwar da mutanenmu ke sauka, tun tana cike. A da in ka shiga benen Tianxiu sai ka ji Hausar Kano, da ta Maraɗi, da ta zangon Kumasi suna karo a matakala. Wannan karon na tarar da shaguna da yawa a garƙame. Saboda wasannin an tsananta biza, mutane sun watse, wasu gida, wasu Dubai. Ni ma gajeriya aka ba ni, aka ce babu ƙari. Wani ɗan Maraɗi mai ofishin tura kaya, wanda aka ce zai yi mini tafinta, shi ma ya tsallaka Hong Kong neman tasa. Sai na zama ni kaɗai nake shiga wani shagon Musulmin Sin in ci taliya da naman sa, mai arha da yaji, talabijin na nuna masu iyo da masu tsalle, kowa na tafi, ni ina kallon kwanona. Na yi ciniki da Larabci a Jidda, da Faransanci a Kwatano, da Turanci a Bombay. A nan kuwa jarina bai wuce lawban, wato maigida, da meyo, wato babu, da sheshe, wato na gode ba.

Motar tana wani gareji a bayan gari, a kan hanyar Shiling, garin masu jakunkunan fata. Hanyar kamar an shimfiɗa tabarma, ba rami ko ɗaya, sai zafi mai ɗanko irin na Legas. Da aka yaye mata tamfol na daɗe a tsaye. Akori-kura ce a asali, amma an ɗaga ƙafafunta har sai ka taka ƙarfe kafin ka hau. Tayoyinta sun kai mini ƙugu. Kujera biyu kawai, ƙarafa sun gicciye ta ciki kamar keji, tagogin raga ne maimakon gilashi. Bayanta tankin mai da tayoyin safaya sun cinye wurin. Ba ta da lambar hawa titi. Mai garejin, dattijo mai ɗan guntun Turanci, ya fahimtar da ni cewa za a tashe su daga filin. In ban sayar ba kafin in tafi, masu gwangwan za su sa ta a sikeli.

Mai garejin ya kafa talla, masu saye suka fara zuwa. Wasu samari suka zo suka ɗauki hoto a kan bonet, suka sa aka tayar da injin har karnukan unguwa suka ruɗe, suka tafi. Wani mutumin Gana ya tambayi buhu nawa take ɗauka. Da ya leƙa bayanta ya ga ko akuya ba za ta samu wurin kwanciya ba, ya yi wa marigayi addu'a ya wuce. Wani Bakano ya taya ta tayin da na ce masa albarka tun bai rufe baki ba.

Masu sayen gaske 'yan ƙasar ne. Suna zuwa da fitila, su kwanta a ƙarƙashinta, su shafa walda, su shinshina baƙin mai. Daga nan mai gareji ya zuba shayi a 'yan ƙananan kofuna, a zauna. Ni kuma sai in buɗe ciniki yadda aka koya mini tun ina yaro: mai motar ya rasu, kayan marayu ne. A Kano wannan magana tana tausasa zuciya. Mai saye ya ce Allah ya jiƙansa, ya ji kunyar taya banza, wani ma ya ɗora wani abu don Allah. A Khartum haka ne, a Jidda ma haka. Amma a nan, da mai gareji ya juya maganar, sai in ga an ajiye kofi. A yi murmushi, a duba waya, a ce za a kira. Ba wanda ya kira. Na zaci farashin ne, na rage. Na gaba ma ya ajiye kofinsa ya tafi, kuma na lura ya wanke hannu a famfo kafin ya shiga motarsa. Mai garejin bai ce mini uffan ba. Su ma, kamar mu, ba sa gyara wa dattijo magana a gaban mutane.

Da yamma in kowa ya watse nakan hau kujerar direba in zauna. Sitiyarin ya goge a wurin da hannu ke kamawa. Ba ni da wanda zan ba labarin yinin.

Da ɗan Maraɗin ya dawo na kwashe duka na gaya masa. Ya dafe kai.

“Baba Alhaji, mi ya kai ka hwaɗin haka? Mutanen nan ko lambar waya ba su so in tana tuna musu mutuwa, balle motar mamaci. Kai kana neman tausayi, su suna jin kana miƙa musu likkafani.”

Ya ce akwai saura mutum ɗaya, mai masana'antar jakunkuna a Shiling, wanda ke zuwa hamadar arewacin ƙasarsu da abokansa su yi wasa da mota a yashi. Bai ji labarin ba tukuna. Sharaɗin ɗan Maraɗin ɗaya: in kama bakina. A ce mai ita ya koma gida, kuma ai ba ƙarya aka yi ba.

Na yini ina juya maganar. A wurinmu mutuwar mai kaya ba aibi ba ce a jikin kaya, ba malamin da zai ce na yi algus don na yi shiru. Ga yara suna jira, ga biza tana ƙarewa. Amma yanzu na riga na san abin da mutumin nan zai ƙi in ya sani. Kuma a ce aminina ya koma gida, ni in gyaɗa kai, bakina ya kasa ɗaukar wannan.

Lawban ɗin ya zo, gajere mai fara'a, ya tuƙa ta a filin bayan gareji har taɓo ya rufe ragar, ya sauko yana dariya kamar yaro. Ya yi tayi mai kyau. Aka zuba shayi. Na ce wa ɗan Maraɗi ya gaya masa mai motar ya rasu.

“Baba, don Allah.”

“Ka faɗa, ɗana, ko in sa mai gareji ya faɗa.”

Ya faɗa. Lawban ya ajiye kofi, amma bai tashi ba. Ya tambaya ko a cikinta ya mutu. Na ce a'a, a gadon asibiti. Ya tambaya ko ya taɓa kifewa da ita, na ce bai ma kai ta yashi ba. Sannan ya zabge tayinsa sosai, ya ce abokansa ba za su so shiga ba sai an yi mata gyara irin nasu. Sabon tayin ya fi na sikeli nesa, amma bai kai wanda shiru zai kawo ba. Na sallama.

Washegari da safe suka zo da bokiti da ganyen wani babban lemo da suke wanke rashin sa'a da shi. Suka wanke ta ciki da waje, suka dirje sitiyarin, suka ɗaura jan ƙyalle a madubi. Ban ga laifinsu ba, hanyarsu ce. Na dai tsaya gefe ina kallon ana wanke aminina daga motarsa, kuma a duk filin ni kaɗai ne ba na so ya fita. Aka ɗora ta a kan tirela, ta bi hanyar Shiling.

Na sauka Kano ana yayyafi. Na je gidan marigayi, na miƙa wa ƙanensa amanar a gaban shaidu, na kuma gaya musu abin da bakina ya rage wa yaran, don kada su ji daga wani. Maiɗakin marigayin ta ce daga bayan labule Allah ya sa albarka a abin da ya samu.

Na yi yawo har na ɗauka babu kasuwar da za ta koya mini sabon abu. Ashe maganar da ke buɗe hannu a garinku ita ce ke rufe ƙofa a garin wasu, kuma wanda bai tambayi 'yan gari abin da suke tsoro ba, bai shiga kasuwarsu ba tukuna. Na ba da labarin nan a majalisa, an yi dariya daidai gwargwado. Amma wanda zai yi dariyar har ya riƙe ciki, ya ce mini duk harsunan nan naka an sayar da kai a gareji, shi ne mai motar.