Barewa a Ajin Ƙasusuwa

Tun yana ƙarami ake kiransa Barewa, domin in mahaifiyarsa ta aike shi kanti, kafin ta juya ya dawo. Da ya gama sakandare ya nemi sashen ilimin motsa jiki a jami'a. Ranar gwajin shiga aka jera su a fili, aka sa su gudu da tsalle da jifa. Duk ya bar sauran a baya. Malamin da ke riƙe da usur ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai kam an gama, kai ne gwarzonmu."

Ashe ba a fili ake yawancin karatun ba. Aji ne mai dogayen bencina, da ƙwarangwal na roba a rataye kusa da allo, da sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi masu karya harshe. Barewa kuwa karatu a hankali yake yi, in ya kai ƙarshen shafi farkon ya gudu. Ya dage iya dagewa, har ya daina zuwa fili, amma jarrabawa ta kayar da shi, ta sake kayar da shi. Wata siririyar yarinya da ta tsallake gwajin gudu da ƙyar ita ke zuwa ta ɗaya.

Ranar da aka sallame shi ya je wurin malamin nan mai usur. "Malam, ƙafata kuka auna kuka ɗauke ni. Ba wanda ya tambayi kaina." Malamin ya sunkuyar da kai.

A gida ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci. Mahaifiyarsa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ɗan nan, boko ne ya ƙi ka, ba duniya ba. Taso ka ci."

Daga baya kawunsa ya sama masa aiki a asibiti, a ɗakin da ake koya wa masu shanyewar ɓarin jiki tafiya. Nan ya ƙare rayuwarsa, yana riƙe da ƙugun tsofaffi tsakanin sandunan ƙarfe biyu, yana cewa, "Baba, ɗaga ƙafar kaɗan. Yawwa, ango ya kusa fita!" Ba ya gajiya, ba ya tsawa.

Bai taɓa komawa jami'ar ba, ko ta ƙofarta ba ya son bi. Da ya rasu, matarsa ta ga baƙin fuskoki cike da tsakar gida, wasu da sanda, wasu na jan ƙafa, kowa ya tako da kansa ya zo gaisuwa.