Neman Dangin Murtsunguwa a Bayan Dutsen Tuwaiƙ

Muna sallame sallar asuba ranar Asabar muka kama hanya, ni da abokina direba, ko lazimi ma a mota na ƙarasa shi. Daga Manfuha muka tashi, unguwar da muke haya, muka nufi yamma. A bayan mota akwai tabarma, da jarkar ruwa, da fulas ɗin shayi, da shebur, da buhunan wofi guda biyu. Kyamarata kuwa na naɗe ta cikin tsohon rawani na rungume ta a cinya.

Masu bibiyata sun san ɗan lambun da nake da shi a saman bene: na'ana'a, barkono, tumatir, da lalle guda ɗaya, duk a cikin tsofaffin bokitan fenti. Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne akwai wata shuka a cikinsu da ba tawa ba. Murtsunguwa ce, wadda Larabawa ke kira sabbar, doguwa kamar taɓarya, jikinta duk ƙaya. Ta maƙwabcina ce, wani dattijo Badamagare. Matarsa ce ta sayo ta tana 'yar mitsitsiya, kuma shekara biyu ke nan da Allah ya yi wa matar rasuwa a nan Riyad. Ba ya yawan zancenta, amma kullum da safe sai ya hau sama ya tsaya gaban shukar kafin ya tafi aiki. Da zai tafi gida hutun wata uku, da kansa ya ɗauko ta ya ajiye a gabana ya ce, "Malam, ga amana."

Ni kuwa ban rage ta da komai ba. A gidanmu an koya mana ba a zubar da ruwan alwala a banza, gindin shuka ake tsugunawa a yi, kai ka samu lada ita ta samu sha. Sai na matso da ita daidai inda nake ajiye buta, na fifita ta a kan barkonona. Duk da haka, bayan wata biyu gindinta ya fara rawaya, in ka danna sai ya lotsa. Saura kwana ashirin mai ita ya dawo. Na yi tunani na ce 'yar sahara ce, ƙasar gidansu take kewa. Bari in je in ga yadda danginta ke rayuwa, in ɗauko hotunansu, in kuma ɗebo mata rairayi.

Fita daga gari ya ci mana lokaci, domin duk inda ka juya an haƙe titi saboda aikin jirgin ƙasa, kana bin jan ƙyalle kana karkata kamar mai neman ɓataccen akuya. Mun tsaya wurin wani mai tanda muka sayi tamis, wato faffaɗan burodin nan mai zafi, da ful ɗin wake da aka kwarara wa mai. Abokina ya cika tanki, kuɗin man bai kai na abincin ranarmu ba, abin da har yau in na faɗa wa mutanen gida sai su ce ƙari nake. A shingen hanya ɗan sanda ya karɓi igamarmu, wato katin izinin zama, ya leƙa baya, ya ga shebur da buhuna, ya dube mu ya sake duba. Na ce masa ƙasa za mu ɗebo wa fure. Ya miƙo mana katunan yana murmushi, ya ce Allah ya taimaka.

Wanda bai taɓa sauka gangaren Tuwaiƙ ba, da wuya in iya kwatanta masa. Kana tafe a miƙaƙƙiyar ƙasa, sai kawai ka ga an tsaga dutse gida biyu an shimfiɗa titi a tsakiya, duniya kuma ta buɗe a ƙasanka. Jikin dutsen hawa-hawa ne, fari da ruwan ƙasa da ja, kamar an jibge tsofaffin littattafai. Kunnuwana suka toshe. Na roƙi abokina ya tsaya a gefe, na fito na ɗauki hoto bakwai kafin rana ta ɗaga. A lokacin kowane lungu na dutsen yana da inuwarsa, shi ya sa hoton ke fitowa da zurfi. Na tsaya ina tasbihi har sai da ya danna mini oda.

Bayan mun sauka da kamar rabin awa muka bar kwalta. Abokina ya rage wa tayoyi iska, ya ce in ba haka ba nan za mu kwana. Rairayin wurin ja ne, jan da ya fi kusa da na lallen da ya kama sosai, kuma iska ta zana masa layi-layi a jere kamar an ja wa ɗalibi layin rubutu. A kan layukan akwai sawun buzuzu da na ƙadangare da na wani tsuntsu da ban gani ba. Na kwanta rubda ciki don in ɗauko wani ɗan fure rawaya wanda bai kai farcena ba.

"Malam, hoto kake ko sujada?" in ji abokina. "In sujada ce, gabas tana can."

Na ce masa a nan alƙibla yamma take, ya bar ni in yi aikina.

Awa biyu ina yawo da kyamara a wuya da ɗan littafina a hannu, duk shukar da na gani in rubuta sunanta da ajami, wadda ban sani ba in zana ganyenta. Abin mamaki, rabinsu 'yan garinmu ne. Ga tumfafiya tsaye da kaurin ganyenta kamar wadda ke bayan makarantarmu. Ga farar ƙaya. Ga kwartowa ta yaɗu a ƙasa da 'ya'yanta masu kama da ƙananan kankana, waɗanda ɗacinsu ya sa ko jaki ba ya kula su. Na yi ta murna kamar na haɗu da mutanen unguwa a tasha. Amma abin da na zo nema, ko guda. Na hau tudu na duba, na gangara kwari na duba. Babu murtsunguwa.

Da na dawo wurin mota na tarar da abokina yana faɗa da wata raƙuma da ta sa kai ta taga tana neman ragowar tamis. Yana cikin zaginta da Hausa sai muka ji an ce daga bayanmu, "A'a, bayin Allah, ku Hausawa ne?"

Makiyayin raƙumar ne, mutum mai furfura, siriri, da farar jallabiya da ta koma ja. Ɗan Sudan ne, amma kakansa daga ƙasar Katsina ya taso da ƙafa zai je hajji, ya yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Hausarsa tsohuwa ce, irin ta kakanninmu, an yayyafa mata Larabci. Ya kai mu inuwar tantinsa ya tatso mana nono mai ɗumi da kumfa. Ya ɗauki littafina ya karanta sunayen shuke-shuken tiryan-tiryan, ya ce rabonsa da ganin irin wannan rubutu tun wasiƙun da kakansa ke ɓoyewa a gafaka. Mun jima a kan wannan kafin in nuna masa hoton mara lafiyata a waya, in gaya masa abin da ya kawo mu.

Ya kalla, ya matso da wayar kusa da ido, sannan ya ce, "Wannan ai 'yar birni ce, Malam. Shekara goma sha ɗaya ina kiwo a nan, ban taɓa ganin ta a daji ba. A gidan masu sayar da fure take."

Abokina ya ajiye ƙwaryar nono don kada ya ƙware. "To, Malam, mun zo gaida dangi, ashe gidansu na bayan gidanmu."

Makiyayin bai yi dariya ba. Ya ce in biyo shi. Ya tsuguna gindin wata tumfafiya ya dinga tona rairayi da hannu har gwiwar hannunsa ta shige, ya ɗebo ya zuba mini a tafi. Busasshe ƙarau, sai ɗan sanyi-sanyi. Ya ce sau biyu aka yi ruwa a wurin bana, kuma ga ta nan kore shar. Sai ya tambaye ni sau nawa nake ba tawa ruwa.

Na ce asuba da magariba da lisha, tunda azahar da la'asar a shago nake yin su. Ranar hutu kuwa biyar cif.

"La ilaha illallahu!" Ya riƙe baki. "Ko raƙumi ka yi wa haka ai sai ya kwanta. Bawan Allah, ba ƙishi ke damun ta ba, nutsar da ita ka yi."

Na tsaya da rairayi a hannu. Duk tsawon kwanakin nan, kullum na ga ta ƙara rawaya sai in ƙara tsawaita alwala.

Mun yi azahar tare da shi a kan rairayi, ya ja mu salla. Na so in ƙara hotuna, amma rana ta take tsaka, inuwa ta gudu, duk tuddan sun koma shafe kamar faifai. Wanda zai je ɗaukar hoto a can, ya je da sassafe ko da yamma liƙis, kuma ya rufe kyamararsa, domin har yanzu in na murɗa tawa sai in ji rairayi na ƙara a ciki. Na cika buhu ɗaya duk da haka, don kada a ce shebur ya yi tafiyar banza. A wani gidan abinci na bakin hanya muka ci kabsa da rabin kaza, a zaune a ƙasa, shinkafar ta ishi mutum huɗu.

Dab da shiga gari muka tsaya a wurin masu sayar da shuke-shuke. Ga su nan, dangin da na sha rana nema, a jere a kan katako: masu tsawo, masu kumburi kamar tulu, masu farin gashi kamar tsofaffi. Mai kula da wurin wani dattijo ne ɗan Bangaladash. Ya kalli hoton sau ɗaya ya ce, da irin Larabcinmu na baƙi, "Moya katir," wato ruwa ya yi yawa. Ya ce asalinsu ma daga can nahiyar Amurka aka kawo su. Ya leƙa buhuna ya girgiza kai, ya ce wannan rairayin ya yi laushi, tsakuwa take so. Sannan ya koya mini: a fitar da ita daga tukunya, a yanke sama da inda ya ruɓe da wuƙa mai tsabta, a ajiye kan a inuwa har bakin yankan ya bushe, sannan a ɗora shi a kan tsakuwa. Ba ruwa, ko ɗigo. Na ce za ta rayu? Ya ɗaga hannu sama.

A nan ne abokina ya ja ni gefe ya nuna mini wata a ƙarshen layi. Tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, har ɗan karkacewar kai iri ɗaya. Kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba.

"Ka ɗauka ka sa a tukunyar," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Wallahi ba zai gane ba. Kai ka huta, shi ya huta. Mutumin nan bai gama jimami ba, ka ƙara masa wani?"

Ba zan ɓoye muku ba, na daɗe a tsaye. Maganarsa ba ta mugunta ba ce, kuma har na sa hannu na juya tukunyar ina duba ta ta kowane gefe. Abin da ya hana ni shi ne na hango dattijon nan yana hawa bene kullum da safe, yana tsayawa gaban abin da matarsa ba ta taɓa taɓawa ba, ni kuma ina gefe ina kallon sa da buta a hannu. Na sayi ƙaramin buhun tsakuwa kawai muka fito.

Mun iso Manfuha ana kiran magariba. Bayan salla na hau sama na zare ta daga tukunya. Saiwar ta zama baƙa, tana wari, ƙasar kuma caɓal kamar ta bakin rijiya. Na yi bisimilla na yanka. Yanka na farko akwai baƙi a tsakiya, na biyu ma haka, sai a na uku na samu fari tas. Abin da ya rage bai fi tsawon tafin hannuna ba. Na kwantar da shi a kan kwali a inuwa, na wanke hannu, na kira Damagaram.

Bayan gaisuwa na gaya masa komai, ban rage ba. 

"Ruwan alwala?" ya ce.

Na ce shi ne, Alhaji.

Sai na ji wani sauti da na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko kuma duka biyun. "Malam, ai marigayiya ma haka ta kashe ta farko. Wannan ta biyu ce. Sai da ta rataye butarta a ɗaya gefen bene sannan aka zauna lafiya." Ya ja numfashi. "Laifina ne da ban gaya maka ba. Kan yana nan?"

Na ce yana nan.

"To ka bar mini shi haka. Kada ka yi masa komai."

Yau kwana shida ke nan. Bakin yankan ya fara bushewa, ko zai yi saiwa ko ba zai yi ba, sanin Allah ne. Na fita neman ƙasar da zan ƙara mata, na dawo da sanin cewa abin da ya kamata in yi tun farko shi ne in tambayi mai ita abin da take so kafin in ba ta abin da ni nake ganin alheri ne. Kullum in na hau sama sai in tsaya in dube ta, hannuna na ƙaiƙayi, in mayar da shi aljihu. Ban taɓa riƙon amanar da ta yi mini wuya kamar wannan ba, wadda duk aikinta shi ne in ƙyale.