Buhun Da Aka Kawo Don Kyanwata

Shekarar da kwana a Yargoje ya gagari mutane saboda 'yan bindiga, yayana ya turo babura biyu daga Ƙanƙara suka kwashe ni. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Mijina ya riga ya rasu, 'ya'yana mata duk suna ɗakunansu, shi kuma Yaya ya yanke cewa mace ita kaɗai ba za ta zauna a ƙauyen da maza ma ke gudu ba. Gaskiya ya faɗa, amma har yau ina jin haushin yadda aka yi ta. Na bar rumbu, na bar turmi, na bar zogalen da na dasa da hannuna. Abin da na ƙi bari shi ne zomayena. Na zuba su a kwando, na rufe da tsohon zani, na rungume a kan babur, ɗan acaɓan yana ta mita wai fitsarinsu zai ɓata masa kujera.

Yaya ɗan kasuwar hatsi ne, gidansa ko'ina buhuna. Ya ba ni ɗaki a ƙuryar gida, kusa da wani tsohon madafi da aka daina girki a ciki. Nan na saki zomayen. Matarsa mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa ɗaure mini fuska ba, har ganyen dankali take ajiye mini in ta dawo daga unguwa. Duk da haka na san ni baƙuwa ce. Tuwon da zan ci wani ya auna, gurbin da zan shanya wanki wani ya nuna mini. Madafin nan kaɗai ne wurin da in na shiga, abin da na ce shi ake yi.

Gidan hatsi kuwa gidan ɓera ne. Ɓerayen ban damu da su ba, gafiya ce ta addabe ni. Babbar macen zomayena, wata fara mai baƙin kunne, mai baƙar zuciya kamar mai ita, ta haihu, aka cinye 'ya'yan tun suna jajaye. Ta sake haihuwa, aka sake. Maganin ɓera ba zai saku ba, don kajin matar Yaya za su fara mutuwa, zomayen su biyo. Na zauna na rasa dabara, sai gaisuwar rasuwa ta kai ni Faskari wajen gwaggonmu, na tarar kyanwarta ta yaye 'ya'ya suna ta bin ƙafafun masu gaisuwa. A wurinmu ba a sayen kyanwa, roƙonta ake yi. Na roƙi wata 'yar toka-toka mai farin wuya, na sako ta a kwali, muka sha rami da gargada a motar haya tana kuka ina ba ta haƙuri.

Da na dawo gida, Yaya ya leƙa kwalin.

"Mussa da zomo gida guda?" ya ce. "Ke dai ba ki rabo da abin magana. Wagga in ta girma, gahiyar ma sai ta hi ta tausai."

"Ai ba cikin ɗakinka za ta kwana ba, Yaya."

"Ɗakin dai duk nawa ne," ya ce, yana dariya. Da wasa ya faɗa, na sani. Ni dai ban yi dariya ba.

Na bi abin a hankali, yadda na ga Innarmu tana yi da sabuwar kyanwa. Na shafa mata man shanu a tafin ƙafafu, don in ta zauna tana lasa ta manta gidan da ta baro. Na ɗebo shimfiɗar zomayen, ciyawa da kashi da komai, na goge mata jiki da ita har ta koma warinsu. Sai na kifa mata kwando a tsakiyar madafin, na danne da dutse. Tana ganinsu ta ramukan kwandon, suna zuwa suna shinshinarta, ba mai iya taɓa wani. Kafin in kai ta kullum sai na ƙosar da ita da tuwo da kan kifi, don kada ta kalli kowa da idon yunwa.

Ranar da na ɗaga kwandon, matar Yaya ta tsaya bakin ƙofa da muciya, wai in kyanwar ta kai hari ta maka mata. Abin da ya faru shi ne farar nan ta buga ƙafar baya a ƙasa, ta kwantar da kunnuwa, ta yi kan kyanwar gadan-gadan. Sai ga maharbiyar tamu ta haye zanina har kafaɗa, tana rawar jiki. Matar Yaya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Daga ranar kowa ya san babba a madafin. Kafin damina ta yi nisa, in na shiga da rana sai in tarar da kyanwar ta miƙe jikin namijin zomon suna barci, ita kuma farar tana gefe tana harararsu.

Farar ta sake tsige gashin ƙirjinta ta yi sheƙa, ta haihu. Wata safiya na shiga da dusa, na tarar da ɗaya daga cikin 'ya'yan a tsakar ɗaki, an cinye rabinsa. Kyanwar na zaune bakin ƙofa tana lasar hannu. Rashin sa'a, Yaya ya zo ɗaukar igiya daidai lokacin, ya ga abin da na gani.

Na buɗe bakin kyanwar na duba, babu jini. To amma kyanwa ai ba ta barin jini a bakinta. Wataƙila gafiya ce ta dawo, wataƙila farar ce da kanta, don zomanya in ta firgita tana cin ɗanta. Wataƙila kuma kyanwar ce. Ban sani ba a ranar, kuma ba zan yi ƙaryar na sani yanzu ba.

Yaya bai yi faɗa ba. Ranar kasuwa da hantsi sai ga shi da buhun masara wanda babu komai a ciki, da igiya. Kowa ya san ma'anar wannan. Ba a kashe kyanwa, ana tsoron alhakinta. In an gaji da ita, sai a sa ta a buhu a ɗaure baki don kada ta ga hanya, a ba wani mai tafiya nesa ya zazzage ta a daji. In ta ga hanya za ta dawo, shi ya sa ake rufe mata ido. Ya ce akwai direban da zai kai masa kaya garin Sabuwa, zai yar da ita a hanya.

"Kama mani ita," ya ce.

"Ba ni kamawa."

"Don zomayenki nike yi, ba don kaina ba."

"Haka ka ce ran da ka turo babura Yargoje. Don ni kake yi."

Ya tsaya da buhun a hannu yana kallona. Ni kuwa zuciyata ta riga ta hau. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba tun muna yara, ranar ma ban ɗaga ba. Na shiga ɗaki na ƙulle kayana a zani. Na kama zomayen ɗaya bayan ɗaya na zuba a kwandon da suka zo ciki, har jajayen da suka rage, na naɗe su da gashin uwarsu. Na saka kyanwar a cikin hijabina. Matar Yaya na bina tana cewa in dubi Allah in zauna, na ce mata ta yafe mini, ba da ita nake ba. Na ɗora kwando a ka na fita.

Ina sane da abin da ke Yargoje. Ɗakina ya zube a damina, maƙwabtana sun watse, ba kowane ɗan acaɓa ke yarda ya bi hanyar ba. Tsoro nake ji. Amma na fi tsoron in wayi gari ko madafin nan ba ni da ta cewa a kansa.

A bakin titi wajen 'yan acaɓa Yaya ya cim mini. Ya taho da sauri har hularsa ta karkace, kuma bai lura ba buhun na hannunsa har yanzu.

"Kan mussa za ki tahi inda za a kashe ki?" ya ce, a hankali don kada mutane su ji.

"Ba kanta kaɗai ba."

"To kan mi?"

"Yaya, ni ma ɗauko ni ka yi ba ka tambaye ni ba. Na yi shiru don ka girme ni, kuma ka yi gaskiya. Wagga ni na roƙo ta, ni na shafa mata mai a ƙahwa na ce nan ne gida. In ta cinye zomayen duka, nawa ta ci. Ba mai sa ta buhu ina raye."

Kyanwar ta zuro kai ta wuyan hijabina tana kallonsa. 'Yan acaɓan sun yi kamar ba sa saurare.

"In kin tahi wani abu ya same ki, mi zan ce ma Inna gobe ƙiyama?" in ji Yaya. Muryarsa ta canza, ban taɓa jin ta haka ba. Ya miƙo hannu ya sauke mini kwandon. "Madahin naki ne. Ki sa kura ciki in kin so."

Shi ya ɗauko zomayen har gida, Alhaji guda da kwando a kafaɗa ranar kasuwa, abokansa na yi masa kirari. A makon ya kawo magini aka dafe ƙasan madafin da siminti, aka toshe wani rami da aka samu bayan murhu. Tun daga nan ba a sake cin ɗan zomo ba. Shi yana cewa simintinsa ne, ni ina cewa kyanwata ce, kuma ba wanda ya sauka daga kan maganarsa.

Da muka shigo gida ranar, ya jefar da buhun a zaure. Na ɗauka na ce masa wannan ma nawa ne. Na ninke shi na shimfiɗa a kusurwar madafin, a kansa take kwana har yau, kuma a kansa ta haifi 'ya'yanta na fari, farar zomanyar na gefe tana harara.