Kwallin Da Na Ja Wa Mai Takaba

Lokacin da kyamarar da ba a sa mata fim ta fara shigowa Gummi, ni budurwa ce mai rawar kai, kuma ni kaɗai ce mace mai ɗaukar hoto a unguwarmu. Yayana ya kawo mini ita daga Sakkwato. Maza ba sa shiga gidan matan aure, ni kuwa sallama ta ishe ni. Idan an wanko hotunan ba na barinsu haka. Sai in ɗauki tsinke in ɗiga musu lalle a hannu, in ja kwalli, wani lokaci har in ɗinka zare a bakin mayafi. A ganina ina fito da matar da aikin gida ya ɓoye ne.

Mijin maƙwabciyarmu, masunci, ya nutse a gulbi ya bar mata 'ya'ya biyu. Na same ta cikin takaba, ta rame, tana bakacen shinkafa. Na roƙi in ɗauke ta, ta ƙi, na nace har ta gaji ta bar ni. Inna ta gargaɗe ni cewa ba a haɗa mai takaba da ado ko da wasa, na ce ai takarda ce kawai. Na ja wa hoton kwalli, na sa lalle, na ƙara jan baki. Ya yi kyau ƙwarai. Na asalin kuwa na goge shi, don katin kyamarar ya cika.

Yayar mamacin ta zo daga Bukkuyum, ta shigo gaishe da Inna, ta ga hoton. Sai ta sa shi a jaka. Kafin mako ya zagayo, dangin mijin sun ɗauka cewa matar tana kwalliya tun kabarin mijinta bai bushe ba, wasu har suna tambayar yadda gwanin ruwa ya nutse. Na rantse aikin hannuna ne, suka ce in nuna na asalin. Babu shi. Ranar da ta fita takaba suka kwashe yaran.

Ba ta taɓa zagina ba, wannan ya fi komai ci mini rai. 'Yan'uwana masu wannan sana'a, ku ji tsoron Allah, fuskar mutum amana ce. In ya ce a'a, ku bar shi. Har yau in mun haɗu takan tambaye ni a hankali ko ina da hoton yaranta. Ban taɓa ɗaukarsu ba.